Tambaya Ta Ɗaya Ba Kakanka Ba Ce

Daga Babura, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga ɗana Tijjani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da innarka da ƙannenka da duk mai cin tuwo a gidan nan, har da waɗanda ke zuwa ci ba a kira su ba. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da aikin jangali da ya ɗaure ni a nan bakin iyaka. Shanun Babura sun fi mu sanin ranar da za mu zo ƙirga. Da zarar sun ji ƙamshin malamin En'e sai su tsallaka ƙasar Faransi shan iska, mu kuma mu zauna gindin tsamiya muna jiran su gama. Saboda haka ba zan sami raka ka tasha ranar Asabar ba. Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya sa jirgin ƙasa ya sauke ka Kaduna lafiya, Ya tsare ka daga ɓarayin tasha da abincin da ba ka san wanda ya dafa ba.

Wataƙila ma haka ya fi. Da ina gida, abin da zan ce maka a bakin mota ba zai wuce "Allah Ya ba da sa'a" ba, in juya da sauri kamar na manta wani abu a zaure. Ka san halinmu. A takarda kuwa mutum na iya faɗa wa ɗansa magana ba sai ya kalle shi ba.

Ka san abin da ke gabanka, amma bari in maimaita don kada ɗokin shiga jirgi ya mantar da kai. En'e ta biya maka karatun nan na wasiƙa, ta biya maka zaman jarrabawar zama akanta, Ma'aji kuma ya faɗa a gabana, ba a bayan idona ba, cewa sau ɗaya za a biya. In ka ci, kujerar da ake shirin miƙa wa ɗan ƙasa a baitulmali ranar da Baturen lissafi ya tattara nasa ya tafi, kai za a fara dubawa. In ka faɗi, garin Gwiwa na nan inda ka bar shi, da rumfarka ta kasuwa da littafin rasit, ka ci gaba da yagar wa masu daddawa takarda har gemunka ya yi fari. Ba aikin kunya ba ne. Amma ba don shi ka ƙone kananzir ɗin innarka shekara da shekaru ba.

Ilminka ba ya ba ni tsoro. Na duba takardun da malamanka na Ingila ke dawo maka da su, na ga jan alƙalaminsu ba ya samun abin ci sosai a jiki. Ka san aikin, ka ma fi ni saninsa, kuma ba kullum za ka ji na faɗi haka ba, sai ka adana takardar nan don shaida. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kai ɗana ne.

Watan jiya na zauna a zaure riƙe da jarida kamar ina karantawa, alhali kai nake kallo. Bayan azahar ka ɗauko tsohuwar takardar jarrabawa don ka gwada kanka. Ka fere fensir. Ka ja layi. Ka dubi layin ka ga bai yi maka ba, ka sake wani. Ladan ya kira la'asar kana kan tambaya ta ɗaya. Innarka ta leƙo ta ƙofar cikin gida ta yafito ni, ta ce a hankali, "Malam, yaron nan fa ko motsi bai yi ba. Lafiya kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau. Halin ubansa ne ya motsa."

Ta ce, "To wallahi ka yi masa magana. Mutum ɗaya ya ishe ni a gidan nan."

To ga maganar.

Labarin jarrabawata ka sha jinsa, domin abokina Malam Bukar, wanda kuke kira Baba Bukar, wanda kuma a gidansa za ka sauka a Kaduna, ba ya zuwa gida hutu ya halarci suna ko ɗaurin aure bai ba da shi ba, kuma kowace shekara sai ya ƙara masa gishiri. Amma daga bakin Babarbare ka ji shi, mutumin da ke ganin Allah Ya halicci Fulani ne don ya sami abin dariya. Shi kuma cin jarrabawar ya yi. Yau ka ji daga wanda ya faɗi, shi ya san inda ramin yake.

Mu biyu aka tura Kano daga baitulmalin Kazaure, ni da Bukar, muna samari. Jarrabawar ba ta kai taka girma ba, amma ita ma daga Ingila takardunta suka zo, a liƙe da jan hatimi. Kowa a ofis ya san wanda zai ci. Rubutuna a lokacin, ko da ni nake faɗa, Ma'ajin wancan zamani kan ɗaga littafina ya nuna wa baƙi. Rubutun Bukar kuwa, sai ka rantse gara ce ta bi takardar. Ni aka ɗinka wa sabuwar riga don tafiyar. Shi da tsohuwar tasa ya je, mai tabon man ja a ƙirji.

Aka zaunar da mu a wani dogon ɗaki, kowa da teburinsa, Bature mai tsaro ya yage ambulan aka raba. Awa uku, tambaya takwas, a zaɓi biyar. Na yi bismilla, na ɗora ido a kan ta ɗaya, ban sake ɗagawa ba.

Ka lura da dalilin, domin ba wauta ce zalla ba, har da tarbiyya. Tun muna yara aka koya mana cewa in ka shiga zauren hakimi ba ka tsallake babba ka gai da ƙarami. A makarantar allo ba a biya maka gaba sai ka riƙe na baya. A ofis ba a buɗe sabon shafi sai na farko ya cika. To ni da na ga lamba ɗaya a saman takarda, sai zuciyata ta ɗauke ta wani dattijo ne zaune a kan buzu yana jiran gaisuwa. Ko juya takardar ban yi ba in ga abin da ke bayanta. Sai bayan an fito Bukar ya nuna mini tambaya ta bakwai: wani ɗan kasuwa ne da motar haya, a lissafa yadda darajarta ke raguwa shekara-shekara. Tijjani, wannan lissafin ni na koya wa Bukar shi, a gindin durumin bayan ofis, yana ci mini gyaɗa ina yi masa bayani. Da ido rufe zan yi shi.

Saboda haka ka ji da kyau: tambaya ta ɗaya ba kakanka ba ce. Ba ta girme sauran ba, ba ta kuma jin haushi in an wuce ta. Wanda ya tsara takardar wani mutum ne can Ingila, wataƙila ma mura na damunsa, ya jera su yadda suka zo masa. Wani lokaci da gangan yake ɗaure mai ƙaho a bakin ƙofa don ya ga wa zai tsaya kokawa da ita. Kafin ka tsoma alƙalami a tawada, karanta takardar duka, gaba da baya, har ƙananan rubutun nan na sama inda ake faɗin guda nawa za a amsa da wadda take dole. Za ka ji alƙalamin maƙwabcinka ya fara gudu, gabanka ya faɗi. Ƙyale shi, yawanci bai san inda za shi ba ne. Ka yi wa tambayoyin irin kallon da mahauci ke yi wa shanu a kara: wannan mai nama ce, wannan ƙashi ce zalla, wannan sai in babu yadda za a yi. Sa wa kowace alama. Ka fara da wadda ka fi sani, don hannunka ya saki, zuciyarka ta kwanta. In akwai ta dole mai maki da yawa, kada ka ajiye ta sai ƙarshe lokacin da kanka ya ɗauki zafi. Ka yi ta ta biyu.

Ni dai ina gaban dattijona a durƙushe. Irin tambayar nan ce da ake zubo maka tarkacen lissafin wani kamfani, a ce ka fitar da riba da asara, sannan ka jera abin da ya mallaka a gefe guda, abin da ke kansa a ɗaya gefen, su yi daidai. Na fito da rula da kwalbar jar tawada da na ɗauko tun daga Kazaure. Na ja layuka kamar Razdan, babban Baturen lardi, za a kai wa. Na rubuta kan magana da manyan baƙaƙe masu wutsiya. Na hura na busar. Har na ɗan ja baya na kalli shafin, na yi wa kaina barka.

Ba a ba da maki don wutsiyar baƙi. Rubuta yadda za a iya karantawa, shi ke nan. Jar tawadar da na ga ka saya, bar wa ƙanwarka ta yi wa 'yar tsanarta lalle.

Akwai kuma wata ɗabi'ar da kai ma ka ɗauka a Gwiwa, kuma ni na koya maka. A aikinmu ba a kankara, ba a soke lamba. Kankara zargi ce. Mai duba littafi in ya ga an goge wuri, kafin ya gaishe ka ya fara tunanin an ci wani abu. Don haka muka saba yin lissafi a wata 'yar takarda daban, in ya fito mu kwafe shi tsaf, mu yage 'yar takardar kamar abin kunya. Haka na yi a Kano. Kowane lissafi sau biyu na rubuta shi, wato rabin lokacina a kwafe-kwafe ya tafi, sannan na dunƙule takardun gwajin na cusa a aljihu don kada Bature ya ga ƙazantata. Sai bayan shekaru wani malamin makaranta da ya taɓa irin wannan aikin ya gaya mini cewa masu duba jarrabawa sun fi son ganin hanyar da ka bi a kan inda ka sauka. In lamba ɗaya ta kuɓuce maka amma hanyarka daidai ce, mafi yawan makin naka ne. Ka ga ke nan makina a aljihu na dawo da su Kazaure, kakarka ta wanke rigar da su a ciki.

Kai dai ka yi lissafinka cikin littafin amsa, inda za a gani, ka sa masa suna don mai dubawa ya san na wace tambaya ne. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai ka wuce. Ba wanda zai kai ka gaban alƙali.

Sai babban abin ya zo. Na tattara wannan gefe, na tattara wancan, suka ƙi haɗuwa. Bambancin ma bai taka kara ya karya ba. Amma ka san dokar ofishinmu: ba mai tashi sai littafi ya daidaita. Ko kwabo ne ya ɓata, a rufe ƙofa, Ma'aji ya aika gida a kawo masa tuwo. Doka ce mai kyau, ita ta sa har yau ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa a ƙasar nan. Amma a ɗakin jarrabawa guba ce. Na hau sama na sauko, na sauko na sake hawa. Na fara zargin wanda ya buga takardar. Gumi ya jiƙa mini sabuwar riga. A raina ina cewa, ni Ɗahiru in miƙa lissafin da bai daidaita ba? In ce ni ɗan wa?

Agogon ɗakin kuwa a bangon baya yake, daidai ƙeyata. Ni ba ni da na hannu. A Kazaure inuwar katangar ofis ce agogonmu, sai kuwa hammar masinja. Sau da yawa na so in waiwaya, sai in tuna Bature na kallo, kada ya ɗauka takardar wani nake leƙe. Mutuncin gidanmu ya riƙe mini wuya. Sai kawai na ji murya daga gaba cewa saura rabin awa. Tambaya huɗu ko taɓa su ban yi ba. Abin da na rubuta a ɗan lokacin nan, ni kaina ba zan iya rantsuwa da wane harshe ba ne.

Da muka fito na tarar da Bukar a inuwa yana shan rake, hankali kwance.

Ya ce, "Bafillace, yaya? Na hango ka kana ta zane. Masallaci kake ginawa?"

Na ce, "Ta ɗayan nan ta ƙi daidaita. Taka ta daidaita?"

Ya ce, "Tawa? Ko kusa. Ramin da ke tsakaninsu jaki zai faɗa da kayansa."

Na ce, "To me ka yi?"

Ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Na rubuta a ƙasa cewa bai daidaita ba, kuma na sani, ina zaton daga wajen kayan da suka rage a sito ne. Na yi mata sallama na wuce."

Na ce, "Subhanallahi! Ba ka ji kunya ba?"

Ya ce, "Kunyar wa? Mutumin da zai duba bai san ubana ba, bai san Kazaure ba, ba kuma zai zo ta'aziyyata ba. Kai ka tsaya neman saniya ɗaya, garke gaba ɗaya ya shige gonar mutane. Wai kuma kai ne Bafillatanin! Karɓi rake ka huce, bawana."

Ban karɓa ba. Da sakamako ya zo bayan damina, mai rubutun gara ya ci, mai wutsiyar baƙi ya faɗi. Yau ga shi can Kaduna yana sa hannu a takardu, har yanzu kuma ba mai iya karanta abin da ya sa.

Na daɗe ina ganin sa'a ce kawai irin ta marasa kunya. Da na zauna na yi wa abin lissafi, wanda dama shi ne sana'ata, sai na ga Babarbaren ne ke da gaskiya, Allah Ya yafe mini faɗin haka a rubuce. Kowace tambaya da iyakar makin da aka ɗora mata. Ko da ruwan zinariya ka rubuta ta, ba za ta ba ka fiye da nata ba. Kuma makin ba farashinsu ɗaya ba. Na farko-farkon kowace tambaya arha ne, kamar mangwaron da ya faɗo ƙasa, sunkuyawa kawai za ka yi. Na ƙarshen suna can ƙololuwa, sai ka hau, sai tururuwa ta cije ka, wani lokaci ka sauko hannu wofi. Mai hankali ya zaga duk bishiyoyin ya tsince na ƙasa tukuna. In lokaci ya rage ya dawo ya yi hawa. Ni na kwana a kan reshe ɗaya, na bar na ƙasa wa Bukar.

Don haka ka raba lokacinka tun kafin ka fara, kamar yadda alƙali ke raba gado. Fitar da ɗan kaɗan na karanta takarda a farko, da ɗan kaɗan na dubawa a ƙarshe, sauran ka raba bisa nauyin maki: mai maki da yawa ta sami babban kaso, ƙarama ta sami ƙarami. Ba a ƙara wa magaji don ya fi kowa kuka. Rubuta a gefen kowace tambaya ƙarfe nawa za ka bar ta. In lokacin ya yi, ka bar ta, ko kana tsakiyar layi, ko zuciyarka na ce maka saura ƙiris. Wannan "saura ƙiris" ɗin ita ta cinye ni. Bar fili a ƙasa, juya shafi. In lissafi ya ƙi daidaita, duba shi sau ɗaya, ba sau goma ba. In bai fito ba, rubuta cewa ka gani, ka faɗi inda kake zargi, ka yi gaba. Sau da yawa ma kana cikin wata tambayar kuskuren zai faɗo maka da kansa, kamar sunan mutumin da ka manta.

Na haɗo maka da agogona na hannu, yana wurin Ɗan'azumi direban motar gyaɗa tare da takardar nan. Ka ƙirga hannuwan agogon a gabansa, ka san Ɗan'azumi. Agogon yana ɗan gudu gaba, kada ka gyara shi, ƙaryarsa mai amfani ce. Cire shi ka ajiye a kan tebur daidai idonka. Ni ba na buƙatarsa a nan, shanun ba da agogo suke dawowa ba.

Kada kuma ka ɗauka sauri ne maganin, domin nan ma na riga ka zuwa. A zamaninmu an ba ni dama ta biyu, abin da kai ba za ka samu ba. Da shekara ta zagayo na koma Kano cike da fushi, na rantse ba tambayar da za ta sake zaunar da ni. Na bar rula a gida. Na shiga kamar an koro ni. Na gama biyar da aka nema da sauran lokaci mai yawa, duk a tsaitsaye, ba wadda na ba haƙƙinta. Maimakon in koma in cike su, sai na tuna yadda mai gero a kasuwar Roni ke cika mudu ya ɗora maka tafi ɗaya na gyara don ka sake dawowa. Na ce bari in yi wa Bature gyara. Na amsa sauran ukun, kuma da yake lokacin hankalina ya dawo jikina, su suka fi kyau. Ashe mai dubawa biyar na farko yake ɗauka, ya ja layi a kan saura ko karantawa bai yi ba. Bature ba ya karɓar gyara. Da Bukar ya ji, sai da ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce, "Bara ka ba su ɗaya, bana ka ba su takwas. In an raba biyu ka kusa ci!"

Adadin da aka ce, shi za ka ba su, ba ragi ba ƙari. Lokacin da ya rage maka, zuba shi cikin waɗanda ka zaɓa.

Haka nan tambayoyin da ba na lissafi ba, waɗanda ake cewa yi bayani. Mu in aka tambaye mu abu, sai mun gaisa, mun tambayi gida da gajiya, mun ba da tarihin abin tun daga kakanni, sannan mu iso. Ka dubi wasiƙar nan ma ka ga shaida. Kada ka amsa tambaya yadda ubanka ke rubuta wasiƙa. In an ce kawo dalili uku, layinka na farko ya zama dalili na farko. In an ce a taƙaice, da gaske suke. Kuma ka amsa abin da aka tambaya, ba abin da ka so a tambaya ba. Na san ka da wannan: in ka haddace abu, sai ka nemi ƙofar da za ka shigo da shi ko ba a kira shi ba, kamar Malam Idi maƙwabcinmu da labarin tafiyarsa Ikko.

Tunda takardunku ba ɗaya ba ne, kwanaki za ku yi kuna shiga, ga wata ƙaramar shawara. In an fito, kada ka tsaya bakin ƙofa tare da masu gwada amsa. A kowace jarrabawa akwai wani mai babbar murya da ya sami wata lamba daban da taka, kuma ya tabbata. Yawanci shi ne ya ɓata, amma zai raba ka da barci, ya kuma ci maka takardar gobe. Wadda ka miƙa ta tafi Ingila, ba ta dawowa. Je ka yi salla, ka ci abinci. Da safe kada ka sha fura kafin ka shiga, ko matar Baba Bukar ta matsa. Fura ta san aikinta, kuma ba lissafi ba ne. Shi kuwa Bukar zai tsokane ka tun daga tasha, zai ce an aiko masa da ɗan bawansa. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce na ce har yanzu yana da bakin magana ne saboda mu Fulani muna da haƙuri. Duk abin da ya gaya maka game da ɗakin jarrabawa, ka riƙe. Abin da ya gaya maka game da ni, ka raba biyu.

Tijjani, ni ban yi asara ba. Na ci, na sha, na rene ku, littattafaina sun daidaita, ina kuma barci. Duk abin da na koya maka, na ka fara daga farko, kada ka bar aiki sai ya kammala, kada ka nuna wa mutane ƙazantar aikinka, gaskiya ne, kuma da shi za ka riƙe kujerar nan in Allah Ya ba ka. Amma ba da shi za ka same ta ba. Saboda haka ni da na ɗora maka dokar, na ɗage maka ita daga lokacin da aka yage ambulan zuwa lokacin da aka ce a ajiye alƙalami. Tsallake babba. Soke lamba. Bar aiki a rabi ka juya masa baya. Na yafe tun kafin ka yi. In ka fito ka ɗauki ladabinka a bakin ƙofa inda ka ajiye shi.

Ranar da kuka gama, ka je gidan waya ka bugo mini tangaraho. Kada ka ce mini ta yi sauƙi ko ta yi wuya, kada ka ce lissafi ya daidaita, ban tambaye ka ba. Abu ɗaya nake son ji: cewa a kowace takarda ka amsa duk adadin da aka nema. In na ga haka, zan sa a nemo rago tun sakamako bai baro Ingila ba, in kuma je in gai da Ma'aji da sabuwar hula. Sauran ai na san ka iya.

Allah Ya buɗe maka ƙirji, Ya daidaita maka hannu, Ya sa wa lokacinka albarka. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka a hanya da masauki. Ka gai da innarka, ka ce mata na yi maganar. Ka roƙi addu'arta kafin ka fita, ka kuma tsaya har ta gama, wannan kam ba a barin ta a rabi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Ɗahiru